DAGA AJIN YAƘI DA JAHILCI: Tafiyar ƙafa bayan kaka

  

A watan jiya munka yi zancen rumbu da ƙwarin da ke cin wake. Wanga wata zancen tafiya za mu yi. Ga yadda maganar ta taso.

Cikin ajinmu na Urno akwai wani saurayi da ya yi rani uku shina talla a Lome, babban birnin Togo. Ranar da munka taru mu share aji mu gyara zana, sai ya ba mu labari. Ya ce wata rana ya ɗauki kayanshi bisa kai, agogo da tabarau da tocila, ya kama bakin teku daga Lome za shi Aneho. Tsakaninsu kamar kilomita 45 ne. Kwana biyu ya yi, shina tsayawa garuruwan masunta shina sayarwa. Bisa hanya ya gamu da wasu Turawa, miji da mata, kowa da jaka a baya da sanda a hannu. Ba su saye, ba su sayarwa. Ya tambayi yaron da ke yi masu jagora: ina za su? Yaron ya ce hutu suke yi. Sun aje aiki, sun zaɓi lokacin da baƙi ba su da yawa, masauki ya yi araha, suna bin garuruwan bakin teku a ƙasa, yau nan gobe can, don su gani kawai.

Aji ya fashe da dariya. Wani makiyayi da ke zama can baya ya ce: "Malam, in tafiyar ƙafa hutu ce, to ni tun da anka yaye ni hutu nake yi!"

Ni ma na yi dariya. Amma da dariya ta lafa na ce: wanda ya taɓa ganin teku shi ɗaga hannu. Hannu bakwai sunka tashi. Na ce: wanda ya taɓa ganin aikin da anka yi a duwatsun Keita shi ɗaga hannu. Hannu ɗaya. Shi ma cikin mota ya wuce, da dare. Ku duba fa, ƴan uwa. Mun san Abijan, mun san Kwatano, mun san Ikko, wasunmu sun san Libiya da Aljeriya. Amma Keita da ke cikin jiharmu ta Tawa, sai a rediyo.

Ba don shan iska kaɗai nake wagga magana ba. Kowa a nan ya san koramar da ke bayan gonakinmu. Lokacin da nake yaro muna tsallake ta da tsalle ɗaya. Yau raƙumi na shiga cikinta ba a ga tozonshi ba. Bana ta ci gefen gona huɗu, ta tafi da hatsin da ya fara bununi. Kowace damina muna tsayawa bakinta muna cewa sai gwamnati ta zo. Alhali kuwa tafiyar ƴan kwanaki daga nan akwai mutane irinmu, masu harshe irin namu, da sunka fara faɗa da korama da iska shekara 40 da sunka wuce, wasu ma shekara 50. Ba mu taɓa zuwa mun tambaye su ba.

Shi ya sa munka yanke shawara. Mutum takwas daga aji, da jaki biyu, za mu kama hanya a ƙasa, mu bi garuruwan kwari da na bakin ruwa, daga Tarka zuwa Majiya, daga Majiya zuwa Keita. Na ga ya kamata in rubuta shirin a nan, ko wasu azuzuwa na Madawa da Buza da Keita za su so su yi irin nasu.

Da wan mahaifina ya ji, sai ya aika a kira ni. Ya ce: "Kai yaro, wanda ya tafi cin rani shina komowa da kuɗi. Wanda ya tafi fatauci shina komowa da kaya. Wanda ya tafi gaida dangi shina komowa da lada. Ku da mi za ku komo?" Na ce: "Baba, da abin da za mu rubuta cikin kaye." Ya ce: "Kaye ake tuƙa tuwo da shi?"

Na ba shi labarin mutanen Illela. Wajen 1989 wani furoje ya ɗauki manoma 13 daga ƙasar Illela ya kai su Yatenga, cikin Burkina Faso. Can sunka ga yadda ake gina ƙananan ramu bisa faƙo, a zuba taki a ciki tun da rani, ruwan farko shi taru a ramin, a shuka. Sun san tasa tun da, amma ba su taɓa ganin an gyara ta haka ba. Da sunka komo wasunsu sunka gwada. Maƙwabta sunka leƙa, sunka ga hatsi tsaye inda da ko ciyawa ba ta fita. Cikin ƴan shekaru tasa ta bazu kewayen Badagishiri, har faƙon da ba mai so ya zama abin saye da kuɗi. Mutum 13 ne kawai sunka je sunka gani. Baba ya yi shiru. Can ya ce: "Su a mota anka kai su." Na ce haka ne, mu ba mu da furoje, ƙafa gare mu. Ya ce in mun kai Buza mu gaida mashi ɗiyar ƙanwarshi da ke aure can. Na san ya yarda ke nan.

Saurayin nan mai talla ya ce: "Malam, amma nan ba teku, mi za a gani?" To bari in faɗa maku abin da zai ba ku mamaki. Ku da ke kusa da duwatsun Adar, wajen Buza da Keita da Tamaske da Malbaza, kun san farin dutsen nan da ke gefen tudu. In kunka duba da kyau za ku ga kwanson dodon koɗi da na ƙumba sun zama dutse a ciki. Akwai wasu ƙananan duwatsu masu kewaye kamar masa, da zanen tauraro a bayansu, yara na wasa da su. Waɗannan dabbobin teku ne. Masu binciken ƙasa sun ce shekaru miliyan 60 da sunka wuce, wani hannun teku ya rufe ƙasar nan tamu. Farin dutsen da gidan siminti na Malbaza ke gasawa tun 1966, a ƙarƙashin wannan ruwa ya taru. Ke nan ƙasarmu ta taɓa zama gindin teku. Ruwan ne ya tafi ya bar mana kwanso. Na yi ma ƴan aji alkawali kowa zai komo da ɗaya cikin aljihu, shi nuna ma ɗiyanshi.

Yanzu maganar lokaci. Wannan ita ce babba, kuma a nan na taɓa ƙonewa.

Wata shekara ni da abokaina biyu munka tashi za mu Buza a ƙasa cikin watan Afrilu. Ba shiri, ba tambaya. Gora guda guda gare mu. Mun dogara da wani famfo da ɗayanmu ya sani bisa hanya. Da munka isa, rana tsaka, famfon ya lalace tun watanni. Kun san bazara: zafi na wuce digiri 40 cikin inuwa. Kafin la'asar abokina ya fara ganin jiri, bakinshi ya bushe, ya faɗi gindin aduwa. Wata mata mai komowa daga itace ta ba mu ruwan da ke gorarta, Allah shi saka mata. Da munka shiga gari na gaba magariba ta wuce, ba wanda ya san mu, ba takarda a hannunmu. Samari sunka kewaye mu da sanduna. Sai da liman ya fito ya yi mana tambayoyi, ya gane sunan kakan ɗayanmu, kana anka ba mu tabarma. Washegari kuɗin da munka ce za mu tsimi a mota sunka tafi. Laifinmu ne, ba na kowa ba.

Don haka lokacin wagga tafiya ɗan ƙanƙane ne. Sai an gama yankan hatsi da dawa, an cire wake, an ɗaure kara da harawa, an rufe rumbu. Kada mutum shi bar damma a gona shi ce za shi kallon gonar wani. Daga nan har zuwa ƙarshen Janairu ɗari ne, rana ba ta cizo, rijiyoyi da tafkuna ba su janye ba tukuna. Kuma lokacin ne masu garka ke bakin aiki, za ku tarar da su cikin albasa, ku ga aikin da idonku. In Fabrairu ya raba, iska ta fara zafi. Ga azumi kuma: a 2025 farkon Maris ya kama, a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, kowace shekara shina matsowa da kwana 10 ko 11. A duba kalanda. Mu dai cikin Disamba za mu tafi, mu komo kafin a buɗe karatu.

Akwai kuma maganar sakin gonaki. Kowace shekara hukuma ke sa ranar da bisashe za su shiga gonaki su ci kara. Kafin ranar, zukata na kusa tsakanin manomi da makiyayi. Mai tafiya da jaki shi bi hanya ko burtali, kada jakinshi shi sa baki cikin harawar wani. Abin kunya ne baƙo shi fara shiga gari ta ƙofar shari'a.

Makiyayin nan da ya yi mana dariya, shi munka naɗa madugu. Ya san rijiyoyi, ya san wadda ke da ruwan daɗi da wadda ke da kanwa, ya san inda ake kwana. Shina jin Fillanci da ɗan Buzanci, kuma wajen Keita da Ibohaman da Tabalak Buzanci na da amfani. Ya ce sharaɗinshi ɗaya: a tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin rana ta take tsaka, a huta, in da saura a ƙarasa bayan azahar. Mutum mai lafiya na cin kilomita 4 ko 5 cikin awa. Kilomita 20 a yini sun isa. Wanda ya ce zai yi 40 ranar farko, rana ta uku bisa jaki za a ɗauko shi.

Ga hanyar da munka zana bisa allo.

Daga Urno za mu gangara kwarin Tarka, mu nufi Karofan. Mun ba wannan yanki kwana biyu. A Tarka ruwa ba shi da nisa ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa garake sunka cika kwarin har Arewa da Tunfafi da Madawa. Jar albasar nan da ake ce ma ta Galmi, mai tallanmu ya ce ya gan ta buhu buhu a kasuwar Lome, har ya ji kamar ya ga ɗan garinsu. Abin da muke so mu tambaya a nan shi ne ajiya. Kowa ya iya shuka albasa. Amma lokacin cira kuɗinta na faɗuwa, wanda ya iya aje ta cikin rudu ƴan watanni ba ta ruɓe ba, shi ke cin riba. Za mu shiga rudu mu duba ƙasanshi, mu ga ta ina iska ke shiga.

Daga nan sai Buza. Ku da za ku taso daga Madawa, tsakaninku da Buza kamar kilomita 50 ne, kwana biyu da ɗan ƙari. Ku sayo kilishi kafin ku fito, na Madawa ba shi da na biyu.

Daga Buza za mu sauka kwarin Majiya, mu kwana biyu wajen Garadume. A nan nake so mu daɗe. Tsofaffin wurin za su faɗa maku yadda iskar rani ke kwashe ƙasar gona, da yadda iskar farkon damina ke binne shuka, a shuka sau biyu sau uku. A 1975, bayan babban farin 1973 da 1974, ma'aikatan gandun daji da wata ƙungiya ta Amurka mai suna CARE da mutanen wurin sunka fara dasa bedi. Layi biyu biyu, a gicciye ga iska, tsakanin wanga jeri da wancan mita 100. Kafin 1990 tsawon jerin ya wuce kilomita 400. An auna an ga hatsin da ke tsakanin jeri ya fi na fili bayarwa. Bayan itatuwan sun girma anka fara sare rassa, ana samun itacen wuta da na gini.

Wannan shi ne abin da ake faɗi a rediyo. Amma mu ba don mu ji abin da rediyo ya faɗi za mu ba. Za mu auna da takunmu. Za mu tambayi mai gonar da jeri ya ratsa: hatsin da ke gindin bedi fa, inuwa ba ta kashe shi? Wa ke biyanshi wannan hasara? In an sare rassa, na wa ne, na mai gona ko na gari? Wa ya yi tsaron dashe daga awaki lokacin da shina ƙarami, kuma da mi anka biya shi? Inda jeri ya yanke, mi ya yanke shi, gatari ko tsufa? Wanda za shi dasa itace a garinsu, amsar waɗanga tambayoyi ta fi mashi amfani bisa ga jin yawan kilomita.

Majiya kanta ba ta tsaya nan ba. Ta wuce ta cika barajin Mozage da na Zango da ke shayar da garaken Ƙonni, ta ƙetare iyaka ta faɗa tafkin Kalmalo cikin Nijeriya. Amma mu arewa za mu juya.

Buza zuwa Keita kamar kilomita 60 ne, da hawan dutse. Kwana uku munka ba shi. A nan ne za a tsinci kwanson teku, a nan ne kuma takalmi ke nuna halinshi.

Keita ita ce maƙasudin tafiya. A 1984, shekarar yunwar da ake ce ma El-Buhari, anka buɗe furojen Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana aiki, ana biyan mutane da abinci. Maza da yawa sun tafi cin rani, saboda haka mafi yawan masu aikin mata ne. Su sunka ɗauki duwatsu bisa kai sunka hau tudu. Anka gina ramu a gefen duwatsu don su kama ruwa tun daga sama, anka yi kunyoyi masu tsawo bisa faƙo, anka tare koramu da ragar ƙarfe cike da duwatsu, wadda ake ce ma gabiyo. Cikin kamar shekara 20 an dasa itace wajen miliyan 18, an raya ƙasa fiye da hekta 30.000.

Ga darasin da nake so ƴan ajinmu su gani da idonsu: mutanen Keita ba a bakin gona sunka fara faɗa da korama ba. Daga kan tudu sunka fara, inda ruwa ke tasowa shina ƙarami. Mu kuwa kowace shekara muna jefa buhun yashi da ƙaya inda ta riga ta yi ƙarfi, ta kwashe ta tafi da su. Na faɗi wagga magana a aji har bakina ya gaji. Gani ya kori ji.

Kuma kada ku kalli mai kyau kaɗai. Ku nemi gabiyon da ya fashe, ku tambaya: ruwa ya fi ƙarfinshi, ko an bar gyara, ko an kwance waya an sayar? Ku je Ibohaman, gabas da Keita, tafiyar rabin yini. Barajin wurin ya girmi furojen Keita. Shekara da shekaru ruwa na kawo laka cikinshi, wurin ajiyar ruwa na raguwa. Ku zauna da masu garka ku ji yadda suke rabon ruwa in ya yi kaɗan.

Wanda ƙafarshi ba ta gaji ba, akwai Tabalak can arewa, bisa godoron Tawa zuwa Agadas, kamar kilomita 50 daga Tawa. Tafki ne babba, da masunta da jirage da tarwaɗa da karfasa. Lokacin ɗari tsuntsaye na zuwa daga Turai su yi rani nan, su ma ƴan cin rani ne. A 2005 anka sa shi cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye. Shi ne tekunmu. Amma ba mu yanke zuwa can ba tukuna. Sai mun kai Keita mun tambayi labarin hanya.

Wannan ya kawo mu maganar tsaro, kuma ba ni ɓoye maku ita. Zamani ya sake. Shekarun nan ɓarayin shanu da masu satar mutane sun dami garuruwan kudu da ke bakin iyaka, wajen Bangi. Shi ya sa hanyarmu ba ta bi can ba. Shi ya sa kuma mutane ke tsoron baƙo. Maza takwas da ba a sani ba, suna duba tudu suna rubutu cikin kaye, ku da kanku in kunka gan su bayan garinku mi za ku ce? Don haka kowa shi riƙe takardarshi ta ɗan ƙasa. A rubuta takarda guda da sunayen matafiya duka da garuruwan da za a bi, mai gari shi sa hannu, a kai meri a buga hatimi. In an shiga babban gari a nuna ta ga jandarma tun ba su tambaya ba. Ba tafiyar dare. Kowace safiya a kira gari na gaba da salula, a ce ga mu nan tafe. Tun yanzu muna tara lambobi wajen dangi da ƴan kasuwa.

In an isa gari, ƙofar mai gari ake fara zuwa, tun da sauran rana. A gaishe shi da goro ko ɗan sukari da shayi. Kuma ku ji wannan da kyau: ku tafi da abincinku. Ba kowane gari damina ta yi ma kyau ba. Bahaushe ba ya barin baƙo da yunwa, zai buɗe rumbun da ba shi da komi don kunya. Kada ku sa shi. Shi ya sa munka tsaya ga mutum takwas. Mutum 20 ba baƙi ba ne, fara ce.

Guzuri: gumba, tukuɗi ga mai hali, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, da ɗan hatsi da za a ba matan masauki su daka. Jaki ɗaya na abinci da barguna, ɗaya na ruwa, jarka biyu. Ko cikin ɗari mai tafiya na buƙatar lita 4 ko 5 a yini. Kada a wuce rijiya da jarka rabi don an ce akwai wata gaba. Kun ji abin da ya same ni.

Kurkunu dai Allah ya raba mu da shi, tun 2013 anka tabbatar ya ƙare a Nijar. Amma tsargiya na nan cikin ruwan kwance. Kada zafin tafiya shi sa ku faɗa tafki ko baraji wanka, ku komo da fitsarin jini. Ruwan tafki in ya zama dole, a tace a tafasa. In gudawa ta kama wani, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, shi riƙa sha, a nufi likita mafi kusa. Kusa da garake akwai sauro ko da rani, a tafi da gidan sauro. Mai ɗaga dutse don neman kwanso shi fara tura shi da sanda, kunama da kububuwa na son gindin dutse. Da safe a kakkaɓe takalmi. Kada a sayi sabon takalmi don tafiya, a tafi da wanda ƙafa ta saba da shi, da ɗan mai na shafa ma faso.

Kuɗi: kowa zai zuba jikka biyar cikin asusu, na goro da shayi da cajin salula da abin da ba a fata. Ma'aji zai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowane dare, a karanta ma kowa. Kuɗin motar komowa kowa shi ɗaure nashi daban. Jakuna kuwa madugu da mutum ɗaya za su koro su sannu.

Da matan ajin rana sunka ji shiri, sai babbarsu ta tare ni bakin rijiya. Ta ce: "Malam, kai ka ce mata sunka yi aikin Keita. To don mi maza za su kallo? In an komo an ce a ɗauki dutse, kan wa za a aza shi?" Ban sami amsa ba. Munka koma munka gyara shiri. Dattijai mata biyu, da yardar mazansu, za su shiga mota su tarar da mu Keita, su sauka wajen mata, su yi tambayoyin da mu ba a ba mu amsarsu. Ɗaya cikinsu ta fi duk mazan ajin kyawon rubutu.

Kowane matafiyi da kaye da bik biyu. Kowane dare kafin barci shi rubuta sunan gari, da ranar kasuwarshi, da zurfin rijiya gaba nawa, da abu ɗaya da ya gani wanda babu a garinmu. In ramu ne, faɗinsu da zurfinsu da taku nawa tsakani. Wanda hannunshi bai faɗa ba tukuna shi zana hoto, shi sa lamba a gefe. Ba ni gyara ma kowa kuskure bisa hanya. In mun komo, waɗannan kaye su ne littafin karatunmu na watan farko, kuma da su za mu zauna gaban mai gari mu yi maganar korama tun ruwa bai sauko ba.

Ku mutanen Karofan da Buza da Garadume da Keita da Ibohaman, in kunka ga mutum takwas da jaki biyu da kaye a hannu, mu ne. Muna roƙon inuwa da ruwa da haƙurin amsa tambaya. In kuma akwai aji a can da ke so shi zo shi ga namu wurin, ƙofa buɗe take, za mu nuna maku koramar, ko kuna da shawara.

Har yanzu da sauran wurin mutum biyu. Mai so shi zo aji ranar Juma'a bayan la'asar, shi rubuta sunanshi da hannunshi. Labarin abin da munka gani sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku, malamin yaƙi da jahilci na Urno.